Ranar da Faɗan Kaka Ya Zama Fasfo

Ko da zan manta launin tekun Abhur da yamma, ba na jin zan manta ranar da na zubar da shayin wani dattijo, ɓarnar ta zama alheri.

A shekarun da kasuwa ta faɗi a Jidda, mahaifiyar aminiyata, wadda duk muke kira Umma, ta rasa aikin girkin da ta daɗe tana yi a wani gida a Abhur. Kafilinta, wato ubangidan da ya tsaya mata, bai sabunta mata iƙama, takardar izinin zama, ba. Kame kuma ya tsananta. A unguwar Sa'alaba ta Jidda inda suke zaune, ko burodi za a sayo sai an leƙa titi tukuna. Da aka ba marasa takardu wa'adin fita ba tare da hukunci ba, Umma ta ce halas, shi ke nan, gida za ta koma.

Damuwar ita ce aminiyata. A Jidda aka haife ta, a ɗaki ba asibiti ba, ba ta da fasfo, ba ta da komai. Sai ofishin jakadancinmu ya gamsu 'yar ƙasa ce kafin ya ba ta takardar tafiya. In ba ta samu ba, ko Umma ta tafi ta bar ta, ko su zauna tare har a kama su. An kuma ce da Hausa ake tambaya. Ita kuwa tana jin Hausa sarai, don marigayiya kakarta, Basakkwatar da ta zo aikin hajji ta zauna, ita ta raine ta. Amma in za ta mayar da magana, Larabci ke riga fitowa.

Kwana tara ina zuwa daga unguwarmu Madain Fahd ina koya mata. Ni da son kalmomi masu daɗi, har amsoshi na tsara mata kamar baitoci.

"Ce, garinmu yana bakin gulbi."

"Garinmu yana... ya Allah, mene ne gulbi kuma?"

"Kogi."

"To ki ce kogi mana, ya shekha!"

Umma tana ninke kaya ta ce, "Ke dai kada ki mayar mini da 'ya mai karanta labarai a rediyo."

Ranar da muka je ofishin, sai bayan azahar layi ya zo kanmu. Jami'in dattijo ne mai furfura, gajiya duk ta cika masa ido, ga kofin shayi a gefensa. Ya duba tsohon fasfon Umma, ya ajiye, ya dubi aminiyata.

"Yarinya, ina ne garinku?"

Ta buɗe baki. Gulbin da kogin duk sun gudu. Can ƙasa-ƙasa ta ce, "Sa'alaba."

Har yau in na tuna sai zuciyata ta karye, don ba ƙarya ta yi ba.

Dattijon ya ajiye biro, ya dubi Umma. "Hajiya, ba ƙin taimako nake ba. Amma me zan rubuta?"

Sai na sunkuya in raɗa mata amsa. Hannun abayata ya kwashi kofin, shayi ya malala ya nufi fasfon Umma. Aminiyata ta fizge shi, ta juyo kaina da wata murya da ban taɓa ji a bakinta ba:

"Ke ɗiyag ga, mi kinka yi haka? Ja'ira! Bari in taso in ishe ki!"

Ni na ƙame, ita ta toshe baki da hannu.

Dattijon ya ce, "Sake faɗa."

Ta maimaita, tana kallon ƙasa.

"Wa ya koya miki?"

"Kakata. Kullum in na fasa abu."

Ya yi dariya har ya cire tabarau yana goge ido. "Rabona da jin wannan faɗan tun rasuwar gyatumata. Wannan ba a koyonsa cikin kwana tara." Ya harare ni da wasa, ashe ya ga takardar baitocina a hannuna. "Malama, goge mini tebur."

Ya ce a kawo dattawa biyu na unguwa su shaida. Washegari suka zo, ya sa hannu. Saura kwana huɗu wa'adi ya cika, na raka su filin jirgi. Muka rungume juna muna kuka, ta ce mini a kunne, "Ja'ira."

Yanzu tana Sakkwato da 'ya'ya biyu, in ta turo saƙon murya ita ke gyara mini Hausa.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, ba mu san abin da muke bar wa waɗanda muka yi wa raino ba. Tsohuwar nan ta rasu ba ta bar wa jikarta takarda ko ɗaya ba. Faɗa ta bar mata, kuma shi ya kai ta gida tare da mahaifiyarta.