Talotalon Ƙarfe

A gidanmu na Concourse Village, can ƙasar Turawa, babu murhu balle tsakar gida. Wutar da muke ji ita ce hita, wani tsohon bututun ƙarfe a ƙarƙashin taga, mai huci da ƙwanƙwasa kamar an kulle maƙeri a ciki. Lokacin sanyi duhu kan rufa da wuri, ana idar da isha'i kuwa Kaka za ta ja dardumarta gaban hitar, ta miƙe ƙafafu, ni da ƙanena Sadik mu raɓu da ita. "Ga ta nan, ta hawo bene tara tana haki," in ji ta. Mu kuma mu ce, "Ta shigo ta huta."

Shekarar da na cika tara Baba ya tafi Najeriya kan maganar takardunsa. An ce mako uku. Mako uku ya zama wata uku, daga nan muka daina ƙirgawa a fili. Mama tana aikin yamma a asibiti, kafin ta dawo mun yi barci. Duk wanda na tambaya sai ya ce, "Yana nan tafe, Hadiza, sati mai zuwa." Sati mai zuwan nan ya ƙi zuwa. Na zama ba na iya zama wuri ɗaya. Waya ta yi ƙara, ni ce a kanta. Lif ya tsaya a hawanmu, ina bakin ƙofa. Ko tatsuniya ake yi, ƙafata tana rawa, kunnena ɗaya yana waje.

"Ƙawata, wai cinnaka ne a zanenki?" Kaka takan ce. "Zauna, kina sa ni jiri."

Ƙofar da ke kallon tamu ta wani tsohon Bature ce mai suna Sal, wanda Kaka ta raɗa wa Malam Sale. Shi kaɗai yake zaune tun rasuwar matarsa. Ranar da Kaka ta gano abincin gwangwani yake ci, ta ce ba da ita ba, maƙwabcinta ba zai rayu a kan gwangwani tana da hannu ba. Daga nan kullum la'asar sai mu kai masa kwano, shinkafa da wake ko ƙosai. Ba ta jin Turanci, ba ya jin Hausa, don haka ni ce tafinta. Takan zauna a kujerar bakin ƙofa, ƙofar a buɗe, mayafinta a kafaɗa.

A kan talabijin ɗinsa akwai wani ɗan jirgin sama na roba, shuɗi, mai ƙaton ciki. Wata rana Kaka ta nuna shi da haɓa. "Tambaye shi, tsofai-tsofai da shi me yake yi da kayan wasan yara?"

Malam Sale ya yi dariya har da tari. Ya ɗauko jirgin, ya naɗe fukafukansa baya suka kwanta a jikinsa kamar na tsuntsu. Ya ce a cikin irin wannan ya yi yaƙin duniya na biyu, yana saurayi ko gemu bai fara ba. Ba daga ƙasa suke tashi ba, daga kan wani ƙaton jirgin ruwa ne mai shimfiɗaɗɗen rufi, a tsakiyar teku. Wuri ya yi kaɗan, shi ya sa aka yi fukafukan masu naɗewa don a jera jirage da yawa. In za su sauka, akwai ƙugiya a wutsiya da take cafke igiyar ƙarfe da aka gitta a kan rufin. In ta kuskure, sai abin da Allah ya yi. Saboda nauyinsa da munin tafiyarsa, su da kansu talotalo suke ce masa.

"Talotalo!" Kaka ta tafa hannu. "To me yake ɗauka a wannan tumbin?"

Tofido, in ji shi. Na rasa Hausarsa, sai na ce wani dogon bam ne mai farfela a gindi, a sake shi a ruwa ya yi iyo da kansa ya je ya fasa jirgin abokan gaba. Kaka ta ce, "Kifin ƙarfe ke nan." Wahalar ita ce, kafin a saki kifin dole talotalo ya sauko dab da ruwa, ya rage gudu, ya miƙe sak ba kaucewa, alhali duk bindigogin wancan jirgin suna kansa.

Su uku ne a ciki. Matuƙi a gaba. Mai bindiga a sama, cikin wani ƙoƙon gilashi mai juyawa, yana fuskantar baya. Shi kuma Sale, mai rediyo, can ƙasa a cikin tumbin, inda ba ya ganin gaba ko kaɗan, sai 'yan tagogi kamar faranti da takalman mai bindiga a saman kansa. Sunan mai bindigar Dani. Suna da wata al'ada: da zarar an saki kifin jirgi ya yi sama, Sale zai ja takalmin Dani sau biyu, Dani ya ɗan shure shi, wato ina raye.

Da ya zo nan muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce wata safiya sun shiga, harsashi yana dukan jikin jirgin kamar ana watsa tsakuwa a kwanon rufi. Suka saki kifin, ya ja takalmin sau biyu. Ya sake ja. Tun daga nan har suka sauka yana riƙe da ƙafar, bai sake ta ba, ita kuma ba ta motsa ba. Kifin ma, daga baya aka ce ya bugi jirgin abokan gaba bai fashe ba.

Kaka ta dube ni. "Me ya ce?"

Na ce, "Ya ce sun harba, sun ci nasara, duk sun dawo gida lafiya."

"Haka ya ce?"

"Haka ya ce."

Ta ce to madalla, ta ɗauki kwanon jiya muka fito.

Bayan isha'i ta ja darduma kamar kullum. Wai a wani zamani an yi wani gari mai yawo a kan ruwa, ba gona ba rijiya, dukiyarsu talotalo ne na ƙarfe. Sai Dodon teku ya tare musu hanya. Aka rasa mai zuwa, sai wasu 'yan'uwa uku: Mai-ido da ke ganin gaba, Mai-ƙeya da ke gadin baya, da Auta Mai-kunne da aka sa a cikin tumbin talotalo ya riƙe kifi. Sharaɗin Dodo ɗaya ne, ba a kashe shi daga nesa, sai an zo kusa har an ji warin bakinsa. Duk lokacin da Dodo ya feso wuta, Auta zai ja ƙafar yayansa ya rera, "Na sama, kana nan?" Mu ne muke amsawa, "Ina nan, na ƙasa!"

Sau biyu muka amsa. A na uku Kaka ta rera, Sadik ya yi tsalle ya ce, "Ina nan!" Sai ta ɗora masa hannu a baki, ta girgiza kai. Ta sake rerawa a hankali. Ba a ji komai sai hucin hita.

Na miƙe zumbur. "No, Kaka! Ba haka ba ne! Na ce miki duk sun dawo!"

"Kin ce," in ji ta. "Amma ƙawata, kunnena ne ba ya jin Turanci. Mutum ya yi doguwar magana, hannunsa a dunƙule sama da kansa kamar ya riƙe wani abu, idonsa ya kaɗa, ke kuma ki miƙo mini kalma biyar?"

Kuka ya ƙwace mini. Na ce ai kowa ma ƙarya yake yi a gidan nan, kullum sati mai zuwa, sati mai zuwa, don me ni ba zan yi ba? Ban taɓa ɗaga wa Kaka murya ba sai ranar. Na jira faɗa. Ta daɗe tana kallon carbinta.

"Wannan kuma kin yi gaskiya," ta ce.

"To Baba zai dawo?"

"Ban sani ba. Uwarku ba ta sani ba. Shi kansa bai sani ba. Roƙon Allah muke yi."

Ta jawo ni jikinta ta ƙarasa tatsuniyar. Dodo bai mutu ba a ranar. Auta dai ya riƙe ƙafar yayansa har ƙugiyar talotalo ta kama igiya, don kada ya koma gida shi kaɗai. "Ƙurunƙus, kan ɓeran jirgin ƙasa," in ji ta. Ba wanda ya yi dariya. Ba zan ce hankalina ya kwanta ba, don washegari ma ina jin lif na ruga ƙofa. Amma na daina bin manya da tambaya ina leƙen fuskarsu.

Da la'asar ta sa sabon mayafi. "Ki ce masa mun zo gaisuwar Dani. Ki faɗa yadda na faɗa, kar ki rage ko ɗigo." Ta durƙusa kaɗan a bakin ƙofarsa ta ce, "Malam Sale, ya muka ji da haƙuri? Allah ya ba ka dangana." Na yi ta fama da Turancinsa har na haɗa. Tsohon ya tsaya da cokali a hannu. Ya ce a ranar gahawa kawai aka ba shi, aka wanke jirgin, aka kawo wani yaro ya hau gurbin Dani. Ya ce tun daga lokacin ba wanda ya taɓa yi masa gaisuwa. Ya rufe fuska da hannu biyu. Wannan karon duk na faɗa wa Kaka.

Baba ya dawo lokacin da zafi ya fara, ya rame, takalminsa ya cinye. Malam Sale kuwa 'yarsa ta zo ta tafi da shi wani gari kafin shekara ta zagayo. Kaka ta rasu ina jami'a. Sai bayan rasuwarta na je wani tsohon jirgin ruwan yaƙi da aka mayar gidan tarihi a bakin kogi, na ga talotalon na gaske da fukafukansa a naɗe. Na sunkuya na leƙa ta tagar tumbin. Wurin bai kai banɗakinmu ba. Na kasa tsayawa, na fito waje ina ta zagaye a cikin iska.

Yanzu aikina tafinta a asibiti, kuma ba zan ɓoye ba, duk ranar da likita ya sauke murya, bakina yakan so ya gudu ya ce komai lafiya. Na daɗe ina ɗauka abin da Kaka ta koya mini shi ne kada a yi ƙarya. Sai da na girma na ga ya wuce nan. Ƙaryar tausayi takan bar mutum shi kaɗai da abin da ya riga ya sani.

Kwanaki aka kawo wani dattijo ɗan Nijar mai sayar da jakunkuna a Canal Street. Likita ta yi bayani mai tsawo. Ɗansa ya matso ya raɗa mini, "Hajiya, don Allah ki ce masa gyambon ciki ne kawai." Na ce masa ba zan iya ba. Na juya ga dattijon na tambaye shi ko yana so ya ji duka, ya ce duka. Na faɗa masa, a hankali, ban rage ba.

Ya gyara hularsa. "Na gode, ɗiyata. Tun watan jiya na sani, na rasa wanda zai yarda in sani." Sannan ya dubi ɗansa da ke kuka a jikin bango. "Kai, share idonka ka zo ka zauna. Akwai magana da yawa, kuma ina son in ga Maraɗi da ƙafata."