Yakuba Direba da Wutar da Ke Ɗaukewa a Daji

Ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Oktoba na 2025, tsakanin azahar da la'asar, Allah ya karɓi ran Yakuba direba a kan hanyar da ta taso daga ƙauyenmu na karkarar Droum zuwa Damagaram. Na Allah ne mu, kuma wurinsa kowa zai tattara ya koma. Ya cika a cikin motar da ya daɗe yana tuƙawa, kansa a kafaɗar matarsa Delu, ni kuma ina matse a jikin ƙofa ina lalubar jijiyar hannunsa. Ni ce Sakina, ma'aikaciyar ƙaramar likitar garinmu, wato asibiti, kuma taubashiyarsa, don uwarsa ƙanwar babana ce.

Yakuba, tun muna yara nake kiranka bawana, kai kuma da na fara aiki ka laƙaba mini uwar allura. Ban taɓa yi maka magana mai daɗi a bainar jama'a ba, al'adar tsakaninmu ke nan. Yau zan yi, amma ka yi haƙuri, da ɗaci za ta fito.

Motar ba taka ba ce. Ta Alhaji Gana ce, ɗan kasuwar nan na cikin Damagaram, wanda kakanninsa suka zo daga Borno. Tsohuwar bashe ce, irin mai buɗaɗɗen bayan nan da mutanen Najeriya ke cewa a-kori-kura. Aikinka shi ne ka fito da gishiri da sabulu da shinkafa daga shagonsa zuwa kasuwannin ƙauye, ka koma masa da hatsi da gyaɗa da wake. Aikin da ya ba ka ke nan. Sauran duk kai ka ɗora wa kanka.

Ba ka iya wuce mai tafiya a ƙasa ba. Tsohuwa da damin itace, ɗan makaranta da ya makara, makiyayi da akuyar da ta karye, duk sai ka taka birki ka leƙo da kai kana faɗa, wai me ya sa mutum zai fito da rana tsaka kamar ba shi da dangi. Kana faɗan kana buɗe musu baya. Ni kuwa, duk mai naƙudar da ta fi ƙarfina, kai nake aika wa. Ka ajiye wata ƴar katifa a bayan kujera saboda su, ba ka yarda kowa ya zauna a kanta, har ni. Na tuna wata ƴar Gouna da haihuwa ta zo mata muna tsakiyar hanya, ana yayyafi. Ka sauka ka ɗaga tampol da hannu biyu, ka juya mana baya, ka tsaya a haka har yarinyar ta faɗo ta yi kuka. Ba ka sauke ba sai da na ce ka sauke. Daga ranar ka dinga yawo a gari kana cewa kai ka karɓi haihuwar, ni ƴar kallo ce kawai. Na bar maka, don ka cancanci ƙaryar.

Ita kaɗai ce ƙaryar da na san ka da ita. Shi ya sa abin da ya biyo baya yake ci mini rai.

Tun daminar bara motar ta soma wani hali. Kana cikin tafiya a hanyar daji sai fitilun gaban direba su yi ƙifta-ƙifta, inji ya shaƙe, komai ya ɗauke ɗif. Ka murɗa makulli, shiru, ko ƙyas ba za ka ji ba. Wani lokaci ka ɗan zauna sai ta dawo da kanta. Wani lokaci sai an tura. Wata rana ta yi maka sau da yawa, wani mako kuma ta wuce lafiya lau har ka fara cewa ta warke.

Ka kai ta wurin Kolo, mai gyaran wutar mota a bayan tasha. Kai mutum ne mai kunyar ubangida, ba ka taɓa kai mota garaji da kayan Alhaji a kanta ba. Sai ka fara sauke komai a shago, ka share bayan, ka wanke ta tas, sannan ka kai. A gaban Kolo kuwa sai ta zama amarya. Ya murɗa ta tashi, ya kashe ya murɗa ta tashi, ya zaga da ita gari a kan kwalta, ko tari ba ta yi. Duk da haka bawan Allah ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya kankare kawunan batir, ya canja ƴan wayoyin da ya ga sun tsufa, ya sa sabon gidan makulli, har batir ɗin ma aka sake. Kowane karo ka dawo gida da murna ka ce mini an gama da ita, kowane karo kuma ba a jima sai in ji labarin an ga mutane suna tura ka.

Daga ƙarshe Kolo ya faɗa muku gaskiya, kai da Alhaji. Ya ce ciwon da ke zuwa ya tafi ba a kama shi sai yana nan. Ya ce a ba shi motar na ƴan kwanaki, ya bar garajinsa ya bi ka daji, duk inda ta ɗauke ya shiga ƙarƙashinta nan take kafin kowa ya taɓa ta. Amma ya ce ba za a yi haka da gaggawar kasuwa a kai ba, sai an haƙura da cin kasuwa ɗaya ko biyu.

Alhaji Gana ya ƙi. Hujjarsa ita ce hujjar da kowa ke bayarwa a ƙasar nan, kuma ita ce ta kashe mu: ai ana turawa ta tashi. A wurinmu motar da ke tashi da turi ba ta lalace ba. Ko'ina ka tsaya akwai majiya ƙarfi, ka ɗaga hannu su taso suna dariya, su tura, ka yi musu godiya ka wuce. Muna alfahari da hakan, muna cewa mu mutanen taimako ne. Saboda hannun turi ba ya yankewa, ba wanda ya ga dalilin neman asalin ciwo.

Da a nan Alhaji ya tsaya, da na yi shiru. Amma da ka matsa masa, sai ya juya maganar a kanka. Ya ce shi bai taɓa ganin motar ta mutu a gabansa ba, mai gyara ma bai taɓa gani ba, kai kaɗai take mutuwar wa. Ya ce ya san kana ɓata lokaci wajen kwasar tsofaffi da awaki, in ka makara kuma sai ka ɗora wa wuta. A ƙofar shagonsa ya faɗa, gaban ƴan dako da masu saye. Abin da aka ce ka amsa bai fi wannan ba: "Alhaji, tsofaffi kam ina ɗauka, ban taɓa ɓoye maka ba. Amma wallahi wutar nan tana ɗaukewa." Aka ce ya yi dariya ya ce to ka kamo masa ita a gora ka kawo.

Ka zo likita da yammacin nan ka zauna a kan benci, ba ka tsokane ni ba, ba ka nemi ruwan sanyi ba. Ka ce mini ba makarar ce ta dame ka ba, sai dai a ce maka maƙaryaci da furfura a gemu. Ka ce kuma tsoronka ɗaya ne, kada ta ɗauke ranar da kake ɗauke da mai naƙuda. Daga nan ka bar yi wa Alhaji maganar. Kullum kana ajiye ta a kan gangare, kana wanke ta, kana lallaɓa ta.

Ranar Talatar nan gonarka ka je kwaso hatsinka, da izinin Alhaji. Kai da Delu kun ɗora damman hatsi har sun haura kan motar, kun ɗaure da igiya. Kana ɗaga na ƙarshe maciji ya sare ka a hannu. Ka tuƙo da kanka zuwa wurina, Delu a gefenka, har kana yi mini ba'a wai yau bawa ya kawo kansa. Na duba na ga fatar idonka ta fara nauyi. Ba ni da allurar dafi, sai Damagaram. Na ɗaure hannun, na shiga, muka kama hanya kana tuƙi, da kayan a kai, don babu lokacin kwance igiya, kuma ba wanda ya ga dalilin kwancewa.

Mun yi nisa, mun gangara wani kwari mai yashi, sai fitilun suka yi ƙifta-ƙifta. Ka ce, "Uwar allura, kin gani ko? Ki zama shaida." Sai ta ɗauke.

Lokacin girbi ne, kowa yana can cikin gona mai nisa. Wayata ba rezo a kwarin, ba halin kiran kowa. Hanyar da kullum ba ta rasa mai turi, ranar babu ko kare. Ni da Delu muka koma baya, muka kafa kafaɗunmu a jikin damman hatsin nan muna turawa, ƙafafunmu na nutsewa cikin yashi. Ko motsi ba ta yi ba. Kai kana ciki kana murɗa makulli da hannun hagu. Ka ce in buɗe gaba in girgiza wayoyin batir, na girgiza har na yanke yatsa. Muka koma muka tura. Muka sake turawa. Da na zo duba ka, harshenka ya yi nauyi, yawu na zuba, ba ka iya ɗaga ido. Delu ta cire ɗankwali ta ruga cikin karan dawa tana ihu, ni na zauna ina riƙe maka kai don ka samu numfashi. Na yi shekaru ina aikin nan, ban taɓa jin kaina ba ni da amfani kamar a wannan zaman ba.

Ta dawo da maza, amma rana ta riga ta karkata. Suka tura ta tashi, kamar kullum. Ɗaya daga cikinsu ya iya tuƙi, ya ja mu. Ba mu kai kwalta ba ka tafi. Muka juyo, aka yi maka sutura kafin magariba.

Na san ajali ba ya jira, na san ko da motar ta tashi sama kamar tsuntsu, in kwananka ya ƙare ya ƙare. Malamai sun faɗa mini, na kuma yarda. Amma ajali daban, abin da mutane suka yi da hannunsu daban, kuma kowa za a tambaye shi nasa.

Motar ta zauna a ƙofar gidanka da kayanta, ba wanda ya sami zuciyar taɓawa. Ranar sadakar uku Alhaji Gana ya zo gaisuwa, Kolo ma ya zo a kan babur. Bayan addu'a Kolo ya tashi ya shiga motar ya murɗa makulli, shiru. Karo na farko ke nan da ta mutu a gabansa, kuma a gaban mai ita. Ya hana kowa turawa. Yana tsaye yana tunanin ta inda zai fara, makullin a buɗe, sai ƴan'uwanka suka ce bari su rage masa kaya ya ji daɗin aiki. Suka kwance igiya suka soma sauke damma. Ba su kai rabi ba, fitilun gaban direba suka kawo da kansu.

Kolo ya ce a mayar da damman. Aka mayar, wuta ta ɗauke. Aka sauke, ta dawo. Ya shige ƙarƙashi, bai jima ba ya fito da wata kakkaurar waya a hannu, wadda suke kira mas, mai haɗa batir da ƙarfen jikin mota. Daga waje lafiyarta ƙalau, da ya yanka robar sai ga cikinta ya rududduge, sili kaɗan suka rage. Ya ce in an yi mata lodi ƙarfen jikinta yana ɗan lanƙwasawa ya ja wayar ta rabu, in an sauke ko an jijjiga ta da turi sai ta koma ta haɗu. A daji kullum da kaya take. Wurinsa kuma ba a taɓa kawo ta da kaya ba. Yana faɗa yana kuka, ƙato da shi, ya ce gyaran bai kai tsawon shan shayi ba.

Alhaji Gana ya sunkuyar da kai ya ce, "Ashe gaskiya yaron nan yake faɗa." Yaro, mutum mai jikoki. Na so in amsa masa, amma Delu ta riga ni magana daga bakin zaure, inda take tsaye cikin mayafin takaba. Ba da Alhaji take ba, da ni take.

"Yaya Sakina, damman nan da muka jingina da su muna turi? Ai da mun iya sauke su. Ni da ke da mun iya."

Hatsin yana cikin rumbu yanzu, shi ne abincin gidan na bana, kuma ita za ta daka shi da hannunta ta ciyar da marayunka har wata kaka.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Yakuba, ka gafarta masa, ka yalwata masa kabarinsa. Ka sa duk wanda ya tsaya ya ɗauka a hanya ya zama mai shaidarsa ranar da ba wani mai taimako sai kai. Ka karɓi wuyar da ya sha a kwarin nan ta zama kankarar zunubi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Delu da ƴaƴansa da jikokinsa, da gwaggona mahaifiyarsa wadda ba ta yi zaton ita za ta ga bayansa ba, da Kolo, da dukan mutanen hanyar Droum. Allah ya ba mu haƙuri, ni ma ina nema, don har yanzu ban samu ba. Alhaji Gana ma ina yi masa ta'aziyya, ya yi rashin mai amana. Abin da nake roƙo kawai, kalmar nan da ya faɗa a hankali a ƙofar gidan mamaci, ya je ya maimaita ta da ƙarfi a ƙofar shagonsa, gaban mutanen da suka ji ta farko.

Ka ce in zama shaida, Yakuba. Na gani da idona, kuma ga shi na faɗa. Allah ya sa Aljanna ce makomarka, amin.