Malamin da Ya Ce Ƙasa Tana Tsagewa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai yayana Malam Lawal makwancinsa a Daura, kuma har yau ban manta yadda aka ɓata masa suna ba.

Labarin ƙasa yake koyarwa a sakandare. Yakan jera allo biyu gefe da gefe, ya shafe su da laka, ya bari ta sha iska, sannan ya ja ɗaya gabas ɗaya yamma. Sai lakar ta tsage, tsakiyarta ta rufta. Haka ake yi a gabashin Afirka, in ji shi. Manyan faya-fayan dutsen da ke ƙarƙashin ƙasa suna janyewa daga juna a hankali, kamar yadda farce ke tsiro, tsakaninsu ya nutse ya zama kwari mai zurfi, ruwa ya taru a ciki.

Da aka ƙaddamar da Shari'a, wasu suka shiga neman wanda za su gwada kishinsu a kansa. Maƙwabcinmu Alhaji Idi, dillalin shanu, ya samu Yaya. Ya miƙe a masallacin unguwa bayan La'asar, ya ce ana koya wa yara wai ƙasar da Allah ya kafe tana yawo. Babu alƙalin da ya kira Yaya, liman ma ya ce bai ga laifi ba. Amma aka daina aiko wa Yaya da goron gayyata. Mutanen da suka ci tuwo a zaurensa suka riƙa sauya hanya in sun hango shi. A haka ciwo ya kwantar da shi, 'yan dubiya ba su cika tabarma ɗaya ba.

Makon jiya sai ga Alhaji Idi a zauren nan, ya sha babbar riga. Ɗansa ya samu jami'a, ilimin duwatsu zai karanta, wai akwai aikin mai a gaba. Littattafan marigayi ya zo nema. Ko “Allah ya jiƙansa” sai da na fara faɗa ya maimaita. Da Yaya na nan, na san dariya zai yi ya ba shi. Ni kam ƙyama ce ta kama ni.

Yaya bai bar gona ba, bai bar shago ba, littattafan nan su ne duk abin da ya rage. Na shiga na faɗa wa matarsa, Yaya Binta, ina jira ta ce a kori Alhaji Idi. Sai ta ɗaure littattafan a tsumma ta ajiye kusa da ita.

“Sule, kada ka ba uban,” ta ce. “Yaron ya zo da kansa, in faɗa masa ko na waye.”