Bin Sawun Inna a Kan Belin Indo

Ana sallame sallar asuba ranar Alhamis ɗin da ta wuce muka bar Gumel, ni da wani abokina mai akori-kura, kwalbar allura a aljihun rigata, raina kuwa a ɓace tun kafin mota ta tashi. Tashin ma sai da muka tura ta, ni da ladanin unguwarmu.

Bari in faɗa muku abin da ya fitar da ni. Indo 'yar yayana ce, shekararta goma sha ɗaya, suna zaune a Gagarawa Tasha tare da mahaifiyarmu, Inna. Bara Indo ta yi ciwon maƙogwaro, ya wuce, kowa ya manta. Bayan 'yan makonni gwiwoyinta suka kumbura, zazzaɓi ya ƙi sauka, in ta ɗebo ruwa sai ta zauna tana haki. Na kawo ta asibiti nan Gumel. Likita ya ce min Allah ya halicci kowane jiki da dakarunsa tun daga ciki, su ne ke kawo zafi da kumburi in cuta ta shigo, don su kashe ta. Na Indo sun yaƙi ƙwayar da ta shiga maƙogwaronta, amma ba su tsaya nan ba, suka far wa ƙofar zuciyarta, kamar karen da ya kori ɓarawo ya juyo ya ciji mai gida. Duk sanda ƙwayar ta dawo za su sake tashi, ƙofar ta ƙara lalacewa. Abin yi shi ne allura duk wata, ko da lafiyarta ƙalau, don kada ƙwayar ta sami wurin zama. Na je na zayyana wa Inna wannan bayani dalla-dalla, irin namu na malaman makaranta, ta ce ta gane. Aka yi ta kawo yarinya har ta murmure. To watan jiya ba a kawo ta ba, wannan watan ma shiru.

Kun dai san halin da ake ciki na man fetur. Gidan mai a rufe, an gitta masa igiya, amma a ƙofarsa 'yan bumburutu sun jera galan-galan, kuɗin galan guda ya isa cefanen kwana biyu. Muka saya, abokina na shinshinawa wai ko an haɗa da kananzir. An haɗa ɗin kuwa, motar ta shaida mana da tari har muka isa. In ban da haka hanya ta yi kyau. Damina ta zauna, gero ya fi mutum tsawo dama da hagu, mata sun fito da dafaffiyar gyaɗa bakin titi. Ni dai ban iya cin komai ba.

Gagarawa Tasha tana nan yadda na bar ta. Ciyawa ta rufe layin dogo, awaki sun kwanta inda fasinja ke tsayawa, jirgin kuwa ya zama baƙon da ba ya aiko da ranar zuwa. Na tarar da yayana zai tafi gona. Da na tambayi Indo sai ya hau sosa ƙeya. Ashe shekaranjiya ta ce wuyanta na ciwo, Inna ta buɗe mata baki ta leƙa, ta yanke hukunci cewa beli ne. Belin da aka cire mata tun makon haihuwarta, wai ya sake tohowa. Tun jiya ta ɗauke ta sun tafi Maigatari, gidan ƙanwarta, saboda akwai wani shahararren wanzami da ke cin kasuwar duk Alhamis.

"Yaya, 'yarka ce fa," na ce.

"Uwata ce kuma," in ji shi. "Kai da ka iya magana je ka hana ta."

Na so in faɗa masa magana, na tuna ya girme ni, na haɗiye. Yarinya da ciwon wuya, wata biyu ba allura, ga aska za a sa mata a maƙogwaro. Ba a nan gaba ake jin tsoron abin da likita ya faɗa ba, yau ɗin nan ne.

Daga Gagarawa in za ka Maigatari sai ka sake ratsa Gumel. Haka muka wuce ta bakin layinmu, ina hango ƙofar gidana, man da na saya da tsada yana ƙonewa a banza.

Wanda bai ga Maigatari ran Alhamis ba bai ga kasuwa ba. Tun daga nesa manyan motoci sun toshe hanya, raƙuma na ratsa tsakaninsu ko a jikinsu. Ga shanu masu ƙaho kamar a zana, ga buhunan kanwa da dabino, ga Buzaye da cuku, ga masu canjin sefa a kan tabarmi. Damagarawa na ta kiran kowace babbar mota kamyo, suna sayar da dogon burodin nan nasu mai taurin sanda. A wata ranar da na more kallo. Ran nan kuwa kowane raƙumi gani nake da gangan ya tare min hanya. Abokina, wanda ya rantse min saboda Indo kaɗai ya fito, ya ce bari ya ɗan taya wake ya dawo. Ban sake ganinsa ba sai bayan azahar.

Gidan Iya, ƙanwar Inna, na taka da ƙafa. Ita kuma ba a yi mata tambaya kafin gaisuwa ta ƙare. Ta tambayi matata, ta tambayi yara da sunayensu, ta tambayi gajiya, ta tambayi ruwa, ta sa aka dama fura ta ce ba za ta yi magana da mai yunwa ba. Furar ta yi daɗi, ba zan yi mata ƙarya ba, nonon safe ne. Sai da na ga gindin kwano sannan ta ce ai wanzamin bai zo ba yau, ana suna a garinsu, su Inna sun bi shi can wani ƙauye gaba da Sule Tankarkar tun da hantsi. Na ce Iya me ya sa ba ki faɗa min tun shigowata ba? Ta ce, "Da ka tafi ba ka sha ba."

Abokina ya ɓullo da buhun wake biyu da tsire a takarda, ya ce ya san yanke ta daji. Yanken nan shi ya ƙarasa ni. Rairayi inda ba ruwa, taɓo inda ruwa ya kwanta, muka kafe a wani kwari har ƙafar baya ta nutse. Allah ya saka wa manoman wurin, suka ajiye fartanya suka zo suka cicciɓe mu, ko sisi ba su karɓa ba, sai dariyar takalmina da ya zauna a cikin laka. Muka ratsa Sule Tankarkar ana kiran la'asar, muka yi sallah a gurguje, wani mai shayi ya kwatanta mana ƙauyen.

Mun makara. Tun daga zauren gidan wanzamin na hango Indo a kan tabarma gindin darbejiya, kwanon toka a gabanta tana tofa jini a ciki, idanunta sun yi ja, jikinta zafi rau. Inna na gefe tana mata fifita, fuskarta fes kamar wadda ta sauke farali. Ta kwance bakin zaninta ta nuna min abin da aka yanko, bai kai ƙwayar wake ba.

"Inna, wata biyu ba allura," na ce, ina danne murya.

"Mai lafiya ake yi wa allura? Kuma ba kai ka ce min daga wuya abin ya faro ba? To ga shi an cire tushen, kowa ya huta."

Bayanina ne ta ɗauka tsaf, ta kai shi inda ban aike shi ba. Wanzamin dattijo ne mai fara'a, abin da ya gada ya yi, har da yi min barka. Ga haushi fal cikina, ga babu wanda zan sauke wa. Uwa ba a ɗaga mata murya. Na ce dai Gumel za mu, yanzu. Inna ta ce ai dama a kan hanya take.

Mun shiga gari ana shirin magariba, kai tsaye asibiti. Likita ya tashi, sai wata nas 'yar Filato, Kirista, wadda ta daɗe a Gumel har yara na kiranta Mama. Ta duba wuyan ta girgiza kai, ta yi allurar, ta ce gobe da safe a dawo wurin likita saboda zazzaɓin. Inna ta fara ba ta labarin beli. Matar nan ba ta yi musu da ita ba. Ta cire abin sauraren ƙirji daga wuyanta ta sa wa Inna a kunne, ta ɗora a ƙirjina tukuna, sannan ta mayar kan na Indo.

Inna ta daɗe tana ji.

"Wannan hucin fa? Nasa ba ya yi."

"Ƙofar ce ba ta rufuwa daidai, Hajiya, jini na komawa baya."

"Za ta gyaru?"

"Abin da ya lalace ya lalace. Sauran muke tsarewa."

Da muka iso gida Inna ko tuwo ba ta taɓa ba.

Abin da tafiyar nan ta koya min, shekara guda na yi ina zuba bayani, ban taɓa tunanin in bar tsohuwa ta ji da kunnenta ba. Ta kuma koya min cewa "na gane" a bakin mutanenmu ladabi ne kawai, kada ka gina komai a kai. Haushin bai gama sakina ba, don likita ya ce sai an ga yadda makonni masu zuwa za su kasance kafin a san ko dakarun sun sake tashi. Indo na gidana, kunu kaɗai take iya haɗiya. Inna ta ƙi komawa Gagarawa, kuma har yau ba ta ce wanzami ya yi kuskure ba. Amma yau da safe da na leƙa ɗakin in gaishe ta, na tarar Indo na barci, ita kuma ta durƙusa ta kafa kunne a ƙirjin yarinyar. Ta ɗaga min hannu wai in yi shiru.