Canjin da nake bari a teburin Makcik

Jama'a, yau na ji kunyar kaina!

Kun san alawus ɗinmu na ɗalibai 'yan ƙasar waje bai shigo ba tunda aka kulle gari saboda annoba. Na je shagon tsohuwar nan ta unguwar Taman Melati da muke kira Makcik, wato inna a yarensu, sayen shinkafa da ƙwai. Kuɗina bai kai ba. Na ce ta cire ƙwan.

Sai ta ce, "Tsaya, lah," wato tsaya mana. Ta jawo wata kwalba cike da sulalla ta dire a gabana.

Na ce, "Makcik, na waye?"

Ta ce, "Naka ne. Shekara biyu kana barin canjinka a teburina."

Wallahi ba kyauta nake mata ba, raini ne kawai! A can gida ƙasarmu wa ke ɗaukar sulalla?

Yau su suka saya min ƙwai.