Cibiyar Farar Kumfa

Yayana Pua Saeni bai iya hira da mutane ba, amma ka bar shi da katako sai ya wuni yana yi masa magana. A garinmu Pambusuang duk sandeq ɗin da ya tsufa, jirgin nan namu siriri mai gora a kowane gefe, wurinsa ake kawowa. Ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne, ya ce wannan zai tashi, wancan kuwa a kai wa mata su dafa kifi da shi.

Nasa jirgin, Farar Kumfa, ya yi shekara da shekaru a ƙarƙashin gidanmu da ke kan dogayen turaku, kaji na ƙwai a ciki. Babanmu ne ya sassaƙa shi, ya huda masa cibiya a tsakiyar ciki, ya yi addu'a, ya toshe da hannunsa. Mu a nan ba a yi wa jirgi cibiya sau biyu. In ka cire ta ka kashe shi ke nan, abin da ka gina a wurin wani ne daban ko da fentinsu ɗaya. Baba ya fita kamun kifi a jirgin wani, teku ba ta dawo mana da gawarsa ba. Jirgin nan ne kaɗai abin da za mu nuna mu ce ga hannunsa.

Sai ga Jalal, ɗan Yaya tilo, ya tashi da rigimar shiga tseren bana da jirgin kakansa. Na so Yaya ya hana shi. Ina! Har wani murmushi na gani a bakinsa. Aka jawo jirgi, aka kankare, aka sa sababbin gora, aka ɗinka ƙyallen iska. Saura fenti, Yaya ya danna babban yatsa kusa da cibiyar, yatsa ya nutse kamar a cikin dafaffen rogo.

"Baba, a liƙe shi kawai," in ji Jalal. "Danƙo da fenti, wa zai sani?"

"Teku za ta sani," na ce. "Kai da ko wanka sai an yi maka tsawa."

"Haba Gwaggo, ke dai ki toya mana jepa ki bar maza da aikinsu."

Daga ranar abinci ya daina shiga wa Yaya. Jepa waina ce ta rogo da ba ya iya gani ya ƙyale, amma sai in ajiye masa ita da zafinta in dawo in tarar ƙuda na bi. Ya zagaya jirgin, ya tsuguna, ya danna wurin, ya tashi. Ni ma tsoro ya hana ni sakat. A tsere maza kan fita su tsaya a kan gora suna riƙe da igiya, duk nauyinsu da na iska a cikin jirgin yake taruwa. In ya tsage a can, babu mai tsinto su da wuri.

Wata safiya na same shi da gizago a hannu.

"Yaya, me za ka yi?"

"Matsa."

"Hannun Baba ne fa."

"Na sani, Nuri. Ina tsaye ya huda ta."

Ya yi bismilla ya sara. Ban iya kallo ba, na koma kicin ina kuka, ina jin saran. Ya zuba sabon katako, ya huda sabuwar cibiya, liman ya zo ya yi addu'a. Jalal dai ya rubuta tsohon sunan a gefe, uban bai hana shi ba.

Ranar tsere iska ta tashi da ƙarfi. Jiragen suka yi nisa har suka zama ɗigo-ɗigo. Labari ya zo cewa ɗaya ya kife bayan garin Majene, ba a san na wa ba. Na zauna a yashi. Yaya yana tsaye cikin ruwa har gwiwa, hannunsa ɗaya a cikin zaninsa, leɓensa na motsi.

Da la'asar suka fara dawowa. Na fari ba namu ba ne, na biyu ma haka. Can a baya, bayan an gama tafi, sai ga Jalal a kan gora yana ɗaga hannu kamar shi ya ci. 'Yan unguwa suka ɗauki ihu: "Farar Kumfa! Farar Kumfa ta dawo!"

Jalal ya diro ya rungume ubansa. "Baba, ka ga jirgin Kaka? Ko ɗigon ruwa bai sha ba!"

Yaya ya shafa kansa, ya shafa kafaɗunsa, kamar yana ƙirga ko komai na nan. Sannan ya fito da hannun nan daga cikin zani. Guntun ruɓaɓɓen katako ne, naɗe da farin ƙyalle.

"Jirgin kakanka ga shi nan," ya ce. "Wancan naka ne. Ka nema masa suna."