Kujera Ɗaya a Motar Malam

Warin gishiri da man jirgi ne ya shigo tare da ƙanwata ranar Lahadin nan da la'asar. Ya kama rigar sanyinta, wadda ma tawa ce na ara mata.

A gidanmu na East Greensboro, can ƙasar waje, kowa ya san ni ce mai son wel, ƙaton dabbar tekun nan mai doro da Mama ke kira kifin Annabi Yunusa. Tun ina aji tara nake aro faifan kukansa daga laburare, ina cika wani koren littafi da waƙoƙi a kansa, alhali ko teku ban taɓa gani ba.

Da sanyin wata shekara, maƙwabcinmu Malam, mai karatun digiri na uku, ya shirya kai iyalinsa gaɓar tekun Virginia su shiga jirgin ruwa na kallon wel. Kujera ɗaya ta rage a motarsa. Ni da ƙanwata muka ɗaga hannu tare.

"Babba ke haƙuri," in ji Baba, bai ko ɗago daga shayinsa ba.

Na yi haƙurin. Har dambun nama na ƙulla mata.

Da ta dawo, Mama da wata Anti 'yar Maraɗi suka sa ta a tsakiya.

"To 'yar teku, bai haɗiye ki ba?" in ji Anti.

Ƙanwata, mai amsa komai da Turanci, ranar sai ta yi Hausa. Ta ce ya taso a hankali kamar tsauni mai numfashi, ya fesa ruwa, sannan ya ɗaga jela kamar mai sallama da baƙi. Mama ta dafe ƙirji.

"Ashe a nan marubuciyar gidan take," in ji Anti, tana kallona tana dariya.

Na yi murmushi, na kwashe kofuna. A kicin na tsaya ina jin wani abu na cin raina. Ta ga abin da nake mafarki, ta kuma faɗe shi daidai yadda zan so in faɗa. Me ya rage mini? Na tura koren littafin ƙarƙashin katifa, na daina rubutu.

Sai bayan shekara goma sha ɗaya, ranar sunan ɗanta na fari, ƙanwata ta gaya mini gaskiya tana dariya har da hawaye. Jirgi na tashi amai ya kwantar da ita a benci, ba ta ga ko jela ba. Kafin tafiyar ta saci karanta littafina, kuma abin da ta faɗa a falo daga shafi na huɗu yake.